Giyar Mota da Sallamar Inna

Mun tashi daga Kazaure ana sallame sallar asuba. Ko addu'ar liman ban tsaya an shafa ba, domin tun kafin kiran farko Inna ta buga mini waya sau biyu tana tambayar ko na manta. Mu uku ne a motar: ni a sitiyari, babbar yayata a gefena, Inna a baya da jakar goro da sabulai da turaren da za ta raba.

Ga masu bibiyata da ba su sani ba, Allah Ya ba mahaifiyarmu kujerar Makka bana. Jami'in alhazai ya shaida musu cewa jirginsu na iya tashi kowane lokaci a cikin kwana biyu ko uku, kowa ya kasa kunne ga wayarsa. Ita kuwa ta ce ba za ta taka jirgi ba sai ta yi sallama da mutum uku ido da ido: ƙanwarta a Roni, Gwaggonmu, wato yayar marigayi mahaifinmu, a Gwiwa, sai kuma yayanta, Kawunmu, a Babura. Na ukun nan ne ya sa ni da Yaya muka kalli juna da ta faɗa, domin shekara tara ke nan Inna da Kawu ba su yi magana ba. Muka tsara za mu zaga duka a yini ɗaya, mu dawo gida kafin magariba.

Motata tsohuwar 'yar Kwatano ce, otomatik, shekararta uku a hannuna. Da na tayar da ita a ƙofar gidan Inna na ja giya zuwa D, sai ta yi shiru kamar mai shawara. Sai da na ƙirga uku a raina sannan ta yi gif, ta ɗauka. Gaskiyar magana, ta fi mako biyu tana yi mini haka da safe, ina cewa sanyin safiya ne, alhali muna tsakiyar bazara, ko kare ba ya jin sanyi.

Hanyar Roni ta yi daɗi a wannan lokaci. Duwatsun Kazaure na baya suna yin ja-ja da fitowar rana, gonaki an share su fes, an zuba tarin taki nan da can ana jiran ruwan farko. Amalanken shanu muka yi ta wucewa, kowanne da kayan takinsa, mai shi na gyangyaɗi a sama. Inna ba ta ga ko ɗaya ba. Wayarta na tafin hannunta, bayan kowane ɗan lokaci ta miƙo wa Yaya ta ce a duba mata ko akwai sabis. Ba ta kiran sunan Yaya, 'yar fari ce, sai dai ta ce, "Ke wannan, duba mini." Ni kuwa Auta nake har yau, da furfurata da 'ya'yana huɗu.

"Auta, haka za mu yi ta rarrafe?" in ji ta.

Na ƙara taka totur kaɗan don a zauna lafiya.

A Roni mun samu ƙanwar Inna, wadda muke kira Yafendo, ta riga ta dama koko ta sa an sayo ƙosai mai zafi. Ƙosan Roni ya fi namu girma, kuma ba a yi masa rowar albasa ba. Inna ta ce minti goma za mu yi. Mun yi kusan awa guda, don sai da aka kira duk maƙwabta, aka yafi juna, aka yi kuka, aka lissafa mata waɗanda za ta yi wa addu'a a gaban Ka'aba, har da akuyar da ta ƙi ɗaukar ciki. Ni ina tsakar gida ina duba agogo, ina fita ina shigowa.

Da muka fito zan yi baya da mota, na sa ribas, sai injin ya yi ƙara motar ba ta motsa ba. Na ɗaga ƙafa, na sake takawa, sai ta zabura da ƙarfi har goron Inna ya zube. Yaya ta juyo ta kalle ni. Na ce mata yashi ne. Babu yashi a wurin.

Tsakanin Roni da Gwiwa ne abin ya fito fili. Rana ta fara zafi, hanyar kuma akwai hawa da sauka, ga wani wuri da ake gyaran kwalbati aka karkatar da motoci cikin rairayi. Muna fita daga rairayin za mu hau titi, na taka totur, allurar injin ta tashi sama, ƙara ta cika motar, amma gudun bai ƙaru ba. Kamar mutum yana gudu a mafarki. Sai can ta kama da wani irin bugu a ƙarƙashin kujerata. Daga nan duk lokacin da za ta canza giya sai ta yi wannan jinkirin, ta yi wannan bugun. Wani wari kuma ya fara shigowa, kamar an bar tukunya a wuta ruwa ya ƙone.

Yaya ta ce a hankali, don kada Inna ta ji, "Giyar nan ce ko?"

Na ce, "Giyar ce."

Ashe Inna ta ji. "Ku daina ambata mini giya da sassafe ina shirin zuwa ɗakin Allah," in ji ta. Muka yi dariya, amma tawa iyakarta baki.

Mun shiga Gwiwa wajen ƙarfe goma. Na sauke su a gidan Gwaggo, na gaishe ta a tsaitsaye, na fito na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar. Ga ɗigon mai nan a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, wajen gaba ta ɓangaren lagireto. Na buɗe bonet. A shekara ukun nan ban taɓa zaro ma'aunin man giya ba, sai da na laluba na same shi can ƙasa, da ɗan marfinsa ja. Wanda ya sayar mini da motar ya ce otomatik ba ta son komai, ka zuba fetur ka yi juyen man inji kawai, ni kuma na riƙe maganarsa kamar karatu. Na zaro ma'aunin, na ga mai ya kusa kai alama, sai hankalina ya ɗan kwanta, na kuma ƙara rikicewa. In akwai mai, to me ke damunta?

Kafin in rufe bonet mutane sun taru. A ƙauye mota mai buɗaɗɗen baki ta fi mai tallan magani tara jama'a. Wani ya ce filogi ne. Wani ya ce fetur ɗin da na sha ne aka gauraya. Wasu majiya ƙarfi uku har sun tuɓe riguna sun ce in shiga su tura ta ta kama, na ce musu ai injin lafiyarsa lau, kuma irin wannan ko an tura ta daga nan har Daura ba ta kamawa. Aka kira bakaniken garin, wani mai fara'a da ke gyaran injinan ban-ruwa da motocin tasha. Ya zo da galan na wani mai kauri kamar zuma, wanda ake zuba wa giyar motoci masu kuloci, har ya buɗe marfi. Sai ya tsaya, ya kalli ma'aunin, ya mayar da marfin galan ɗinsa.

"Malam, ba zan cuce ka ba," in ji shi. "Wannan ba layina ba ne. In na zuba mata wannan, yau za a yi jana'izarta. Akwai wani dattijo a Achilafiya, shekara da shekaru ya yi yana gyaran irin waɗannan a Kano kafin ya dawo gida. Bari in kira maka shi."

Har yau ina yi wa mutumin nan addu'a. Ba kowa ke iya cewa ban sani ba a gaban mutanen garinsu.

Muryar dattijon a waya ba ta da gaggawa ko kaɗan, abin da ya fi komai ƙona mini rai a lokacin. Ya tambaye ni yaushe ta fara, da sanyi ta fi yi ko da zafi, ribas na shiga ko ba ya shiga. Na ce masa mai dai akwai, na auna. Ya ce, "Da ka auna, injin na kashe ko na kunne?" Na ce na kashe. Ya yi 'yar dariya ya ce ai ban auna komai ba. In injin na kashe, duk man ya koma ƙasa ya kwanta, sai ma'auni ya nuna cike. Ya sa na matsar da motar wuri mai daidai, na bar injin yana aiki, na taka birki na bi da giyar kowane gurbi ina ɗan tsayawa, na mayar da ita P, na zaro ma'aunin na goge, na mayar, na sake zarowa. Bakin ƙarfen kawai ya jiƙe.

Ya ce in nemi jan mai, wato man giyar otomatik, ko kwalba ɗaya ce. Muka samu ɗaya tak a wani shago, mai shagon na ajiye shi ne saboda direbobi masu zuba wa sitiyari, kuma ya tsuga mini kuɗin da ya kusa ninka na Kazaure, don ya ga idona. Dattijon ya sa na karanta masa abin da ke jikin kwalbar harafi-harafi kafin ya yarda. Muka yanke gorar ruwa muka yi mazurari, muka ɗura ta ramin ma'aunin.

"Wannan zai kawo ka wurina in ka bi ta a hankali," in ji shi. "Ba zai kai ka Babura ba. In ka ji ta yi ƙara ba ta ja, ka tsaya ta huce. Kada ka yi mata dole."

Tafiyar Gwiwa zuwa Achilafiya ita ce mafi tsawo da na taɓa yi a rayuwata, ko da yake a ƙa'ida ba wata nisa ba ce. Na kashe na'urar sanyi don rage wa injin nauyi, muka sauke gilasai, iskar da ke shigowa kamar daga bakin tanda. Masu babura suka yi ta wuce mu, har da wani da ya ɗauko tumaki biyu da matarsa. Sau uku muna tsayawa. A tsayawa ta biyu, ƙarƙashin wata tsamiya, wasu matan Fulani suka sauke ƙoransu muka sha fura da nono mai sanyin tukunya, Inna ta yi musu ɗan Fulatancin da ya rage mata, suka yi ta murna. Mangwaro kuwa ya yi arha a hanyar nan har ba a ciniki, an tara shi tsibi-tsibi a bakin titi. Yaya ta saya mana, ni dai ban iya sha ba. Kunnena na kan motar, idona na kan allura, zuciyata na kan wayar Inna. Abin da na lura shi ne, tun da muka bar Gwiwa Inna ba ta ƙara cewa in yi sauri ba.

Ana kiran azahar muka shiga Achilafiya. Garejin dattijon ba wani gareji ba ne, rumfar kwano ce a gefen gidansa da rami guda da aka gina da siminti, sai akwatin kayan aiki da aka jera komai a gurbinsa. Mutum ne siriri mai farin gemu, da tabarau ɗaure da zare. Ya gaida Inna har ƙasa, ya kira maiɗakinsa ta shiga da su Yaya cikin gida, sannan ya ce mu yi salla tukuna. Na ce masa muna sauri. Ya ce ai ita ma motar sai ta huce kafin a taɓa ta, in ba so nake man ya soya masa hannu ba.

Bayan salla ya fara aiki, ni kuma na tsaya a kansa kamar mai gadi. Ya ɗiga man a kan farar takarda ya nuna mini. Ya ce lafiyayyen jan mai launin zoɓo yake da shi, garai-garai. Nawa ya zama kamar shayin da aka manta a kan wuta. Ya kai hancinsa, ya miƙo mini: ƙauri ne sosai. Ya ce in gode wa Allah da bai ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara ba, don da hakan na nufin ruwan lagireto ya shiga giya, kuma da sai dai mu nemi motar haya. Ya ɗauko wata 'yar na'ura ya soka a ƙarƙashin sitiyari, ya duba abin da ta rubuto a wayarsa, ya gyaɗa kai. Ya ce na'ura tana faɗin inda ke ciwo ne kawai, ba ta faɗin abin da ya kawo ciwon, wannan sai ido da hannu.

Ya shiga rami da fitila, ya sa na tayar da injin. Bai daɗe ba ya kira ni. Akwai tiyo biyu da ke kai man giya lagireto ya huce ya dawo. Ɗayansu ya tsufa ya tsage a daidai inda aka ɗaure shi. In mota na sanyi, ɗigo kawai yake yi. In ta yi zafi man ya tsinke, sai ya riƙa fesowa. Ya ce otomatik da matsin mai take canza giya, mai ne kulocinta, mai ne kuma ke sanyaya ta. In ya yi ƙasa, fayafayan da ke ciki sai su riƙa zamewa suna gogar juna, su ƙona ɗan man da ya rage. Abin da na ji ke nan tun Roni.

"To ta mutu ke nan?" na tambaye shi.

"Sai na ga tasar giyar tukuna," in ji shi.

Ya kwance tasar da ke ƙarƙashin giyar, ya tsiyaye man a wani kwano. A cikin tasar akwai maganaɗisu biyu. Ya shafa yatsa a kansu ya murza: wani baƙin laushi kamar kwalli. Ya ce wannan ba komai, cin yau da gobe ne. Abin da yake tsoro shi ne ya ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin fayafayi, kuma bai gani ba. Filta dai ta toshe, dole a canza. Na ce ya wanke mini giyar gaba ɗaya da inji a huta, kamar yadda na ji ana yi a birni. Ya ce a'a, tsohuwar giya da ta daɗe ba a taɓa ta ba, in ka tura mata wanki da ƙarfi sai dattin ya tashi ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Abin da ya tsiyayo da kansa shi za a mayar da sabo, bayan mako biyu a sake.

Matsalar ita ce tiyo yana da shi, amma filta da isasshen mai irin nata sai daga Kazaure. Ya buga waya wani shago, aka ce za a ba direban tasha ya taho da su. Direban kuwa ba zai tashi ba sai motarsa ta cika.

Ban san sau nawa na taka daga rumfar zuwa bakin titi ba. Duk motar da ta ɓullo daga kudu sai in miƙe. Na sayi awara ban ci ba. Na zauna, na tashi, na tambayi dattijon ko in hau babur in je in karɓo da kaina, ya ce in na tafi za mu yi saɓani a hanya. Shi kuwa yana zaune yana wanke tasar da fetur, yana goge bakinta da tsumma kamar mai shirin cin tuwo a ciki. Gabas ta fara haɗa hadari, iska ta tsaya cak.

Wajen ƙarfe uku Yaya ta fito da sauri, wayar Inna a hannunta. An kira. Gobe ƙarfe bakwai na safe kowa ya hallara a sakatariya, bas za ta kwashe su zuwa sansani a Dutse.

Na shiga cikin gidan da sallama. Inna na zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, an ajiye mata ɗanwake ba ta taɓa ba. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Auta, in an gama mu juya gida. Ga Kazaure nan kusa. Wataƙila Allah bai nufa ba."

Matar da ta tashe ni tun kafin asuba ke nan. Na zauna a bakin tabarmar. Na san an yi saɓani ranar rasuwar kakarmu, amma lokacin ina aiki a kudu, kuma ba a taɓa ba ni labarin dalla-dalla ba. Ranar ta ba ni, a gaban maiɗakin bakaniken da ba ta taɓa gani ba sai yau. Ta ce da aka aiko mata da rasuwar tsohuwar, ta shiga motar haya daga Kazaure, motar ta yi ta tsaye-tsaye. Ta aika a ce wa Kawu ya jira ta, ko fuskar ce ta gani. Ta isa Babura ta tarar ana dawowa daga maƙabarta. A ƙofar gida, a gaban maza, ta ce masa tunda ya rufe uwarsu ba ita, to ya ɗauka ya rufe su biyu. Ko zaman makoki ba ta ƙarasa ba.

"Ni na faɗi maganar," in ji ta. "In na je ya ƙi dubana fa? Da wannan zan hau jirgi?"

Yaya ce ta amsa, ita da ba ta cika doguwar magana da Inna ba. Ta ce, "In ba ki je ba ma da shi za ki hau, Inna."

A daidai nan aka yi hon a waje, kaya sun iso.

Dattijon ya ɗaura filta, ya sa sabon tiyo, ya ɗaure tasar yana bin kusoshin ɗaya nan ɗaya can don kada ta karkace. Ya zuba mai kaɗan-kaɗan, yana aunawa injin na aiki, don ya ce cikawa fiye da alama ma cuta ce, man kumfa yake yi. Muka zaga da ita bayan gari muka dawo, ya sake leƙawa, ya sake aunawa. Giya na shiga sumul, sai ɗan jinkiri kaɗan tsakanin ta biyu da ta uku. Ya ce wannan tabon abin da na yi mata ne, zai iya raguwa, ba zai ɓace ba. Ya gargaɗe ni kada in shiga yashi, kada in yi gudu, in kuma ta sake zamewa in tsaya in kira shi, kada in bari kowa ya ja ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa. Kuɗin aikinsa bai kai abin da na yi tsammani ba. Ya ce ragowar kuɗin kuwa, Inna ta biya shi da addu'a a Arfa.

Mun yi la'asar muka shiga mota. Da muka zo mararraba, inda hanya ɗaya ta nufi gida ɗaya ta nufi gabas, na taka birki na tsaya. Ban kunna sigina ba. Wani mai babur a bayanmu ya yi ta hon har ya gaji ya kewaye mu. Ta madubi ina ganin Inna tana jan carbi.

"Me kake jira?" in ji ta. "Rana na faɗuwa. Mu je."

Na karya sitiyari gabas.

Ƙasar Yankwashi zuwa Babura shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsu sun ƙare, sai gawo da kuka da garken shanu da suka rame saboda rani. Ban wuce gudun da aka ce mini ba, duk da ƙafata na ƙaiƙayi. Hadarin ya taso ya rufe rana, aka yi yayyafi kaɗan wanda bai wuce ya tayar da ƙamshin ƙasa ba, manoma suka fito bakin gonaki suna kallon sama. Kowane canjin giya sai na riƙe numfashi, sai ta shiga in sake shi. Mun shiga Babura ana loda shanu a manyan motoci, masu canji na zaune da damman sefa da naira a gabansu, Buzaye da rawunansu na sayar da cuku da dabino. A wata rana da na tsaya. Ranar ko kallo na biyu ban yi musu ba.

Kawu na zaune a kan buzu a ƙofar zaure da rediyo a gefensa. Ya tsufa fiye da yadda na zata, kuma idonsa ya yi rauni, don sai da muka matso sosai yana ta ƙanƙance ido. Na durƙusa na gaishe shi, ya gane ni da murya. Inna ta tsaya a bayana, ta yi sallama a ciki-ciki. Ya kashe rediyon. Sai ya kira ta da wani suna na yarinta wanda ban taɓa jin kowa ya kira ta da shi ba in ba kakarmu ba.

Ta durƙusa a gabansa, da shekarunta da ciwon gwiwarta. Ya fara magana da sauri, kamar wanda ya daɗe yana tanadinta: ranar zafi ya yi yawa, malamai sun matsa, sau uku yana fita bakin titi yana duba mota. Ta katse shi.

"Yaya, ban zo shari'a ba. Gobe zan tafi Makka. Ka yafe mini abin da na faɗa."

Ya yi ta laluben hularsa da ke kansa. Sannan ya ce, "Da na ƙara jiranki ko rabin awa." Ni da Yaya muka koma wajen mota, na buɗe bonet ina duba tiyon da na san lafiyarsa ƙalau.

Ba mu fi minti arba'in a gidan ba. Matan gida suka so mu kwana, ba hali. Muka kamo hanya da sauran haske, muka yi magariba a Achilafiya, inda dattijon ya sake zaro ma'auni ya ce ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ana kiran isha muka shiga Kazaure. Inna ta yi barci tun kafin mu fita ƙasar Babura, wayar da ta yini a tafin hannunta ta zame ƙarƙashin kujera, sai da muka haska muka nemo ta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini game da mota ba shi da yawa, amma da na san shi da wuri da ban wahalar da tsohuwa a rana ba. Otomatik tana magana kafin ta kwanta: jinkirin safe, bugu wajen canji, ƙarar da ba ta tafiya da gudu, ɗigo a inda ka kwana. Mai irin motata ya riƙa zaro ma'aunin nan ko sau ɗaya a wata, injin na aiki, a wuri mai daidai, ya duba launi ya shinshina. Kada ya yarda a zuba mata kowane mai sai nata. In kuma bakanike ya ce bai sani ba, a riƙe shi da kyau, ya fi goma masu cewa a kawo. Ni mako biyu motata ta yi tana gaya mini, ina cewa sanyi ne.

Da safe muka kai Inna sakatariya. Wuri ya cika da masu rakiya, ana ta kiran sunaye, ana jera jakunkuna iri ɗaya. Har ta sa ƙafa a matakalar bas sai Yaya ta taɓa ni. Wani mai babur ne ya tsaya a bakin ƙofa, yana taimaka wa wani tsoho ya sauko. Kawu ne, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya biyo motar farko daga Babura, a hannunsa ƙullin cuku da dakakken yaji. Ba ya ganin nesa, don haka ya tsaya a tsakiyar taron yana juyawa yana kiran sunan nan nata da ƙarfi, mutane na kallonsa. Inna ta sauko daga matakalar, ta ce wa mai kiran suna ya tsallake ta ya kira na bayanta.